Kwalin da Ya Koma Chiloé

Eliseo Mansilla yaro ne mai hankali, ba ya shaye-shaye, ba ya wasa da karatu. Aibinsa ɗaya ne, yana tsoron dariyar mutane fiye da yadda yake tsoron yunwa. Daga wani ƙauye a tsibirin Chiloé ya zo birnin Valdivia karatun likitancin dabbobi, kuma kakarsa Zunilda ce ta raine shi tun yana rarrafe.

Duk ɗalibin da ya fito daga tsibiri ya san kwalin gida. Da watan Yuni ya kama, lokacin sanyi a can, ganye ya gama zuba, ruwan sama ya ƙi ɗaukewa, jarrabawa ta matso, sai iyaye su ɗaure kwali su ba motar haya, ɗalibi ya je tasha ya karɓa. Na Zunilda ba ya canzawa: dankali, safar ulu, da cholga, naman kumbar tekun nan da take tsinta da hannunta in ruwa ya janye, ta kyafe a hayaƙi ta jera a igiya. Tsohuwa fa, ga ciwon gwiwa, cikin ruwan da ko ƙato ba ya marmarin taɓawa a wannan sanyi.

A shekararsa ta farko Eliseo ya ɗauko kwalin da murnarsa ya shiga gidan hayarsu. Kafin ya gama kwance igiya ƙauri ya cika ko'ina. Fabián, abokin ɗakinsa ɗan birnin Santiago, ya toshe hanci ya ce, "Kai mutumina, gawar wa aka aiko maka?" Aka yi ta dariya. Daga ranar sunan Eliseo ya koma Ɗan Hayaƙi, har 'yan matan ajinsu suka ɗauka. Fabián ba mugu ba ne, bakinsa ne ba linzami. Shi ya yi maganarsa ya manta, Eliseo kuwa abin ya tsaya masa a rai.

Da shekara ta zagayo, aka bugo masa daga tasha cewa yana da saƙo. Ya ce yana tafe. Bai je ba. Wai sai ranar da Fabián ba ya gida, amma ina za ka ɓoye ƙaurin cholga a ɗakin da kuke kwana ku biyu? Haka bawan Allah ya yi ta rayuwarsa: ya tashi da duhu, ya sa takalmin da bai bushe ba, ya sha shayi da burodi, ya wuni a ɗakin karatu don can ne kawai ake kunna abin ɗumi, ya dawo ya dafa taliya ba ko albasa. Cikinsa na kuka, abinci na jiransa a tasha.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci Zunilda ta buga masa waya.

"Maigidana, kaya sun iso?"

"Sun iso, Kaka."

"Gishirin bai yi yawa ba? Ka san idon nan nawa sai a hankali."

Da Eliseo ya faɗi gaskiya, iyakarta ta yi masa faɗa ta huce. Amma muryarta cike take da ɗoki, sai ya ji tausayinta, ya kuma ji kunyar kansa. Ya ce, "Daidai yake. Har abokaina sun ci, suna ta yi miki godiya."

Ta yi dariya har da tari, ta ce ashe 'yan birni ma sun san daɗi.

Niyyarsa ya je washegari. Jarrabawa ta sha kansa, wannan na fita wannan na shiga. Sai da ya je sayen tikitin tafiya hutu ya leƙa wurin ajiyar kaya. Ma'aikacin ya gaya masa kwalin ya jiƙe ya fara wari, sun yi ta kira ba a zo ba, don haka sun mayar wa mai shi.

Duk tsawon hanya, a mota da cikin jirgin ruwan da ke ƙetarawa tsibiri, addu'arsa ɗaya ce, Allah ya sa kwalin ya ɓata. Da ya shiga gida Zunilda ta rungume shi, ta zuba masa miya mai zafi. Yana ɗaga kai ya ga sabuwar safar ulu, an wanke an shanya ta a saman murhu.

Ya ajiye cokali. "Kaka, ki yi haƙuri."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ba shi labarin yadda direba ya sauke kwalin a bakin titi, ta turo shi a baro yana ɗigar ruwa, ta gaban matan da ta gama yi wa alfahari cewa 'yan jami'a suna gode mata. Ta ce asarar kayan ba ta dame ta ba, teku na nan. "Amma ɗan nan, na tambaye ka gishiri, ka ba ni amsa."

Eliseo ya yi kuka, ya gaya mata komai, har sunan da aka laƙaba masa. Ta shafa kansa ta ce ta yafe, kuma da gaske ta yafe. Ya yi hutun yana faskara mata itace, yana shiga ruwa a madadinta.

Ana cikin hutun sakamako ya fito. Ya ci duka, ya ci da kyau. Ya shigo da gudu ya gaya mata. Ta dube shi, ta yi murmushi ta ce, "To, in haka ne na ji daɗi." Da yamma yana bayan gida yana tara itace, sai ya jiyo ta ta shinge tana roƙon 'yar maƙwabta, murya ƙasa-ƙasa, ko akwai yadda za a duba a waya a ga in da gaske ne yaron ya ci.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Kada kunyar waɗanda za su yi maka dariya yau su manta gobe ta sa ka wulaƙanta wahalar wanda ya raine ka. In kuma ka yi kuskure, ka faɗe shi tun yana ƙarami, ko da kana ganin ƙaryar tausayi ce za ka yi. Mai ƙaunarka zai yafe maka nan take, amma kafin ya sake yarda da maganarka za ka daɗe kana jira, kuma har gaskiyarka sai ta nemi shaida.