Bakin Gilashin da Aka Rufe

An yi wani mutum a layinmu na da, ɗan mai sa gilashi a gini. Ya 'yan uwa, har yau ina kewar shagon ubansa. Da hantsi rana takan bugi gilasan da aka jingine a ƙofa, haske ya cika layin, mu tsaya muna gyara hula a ciki, tsohon yana mana tsiya wai mun fi amare son madubi.

Tsohon nan yana da al'ada guda. In ya kafa gilashi a gini, ba ya rufe bakinsa da roba sai mai gida ya zo ya kama da yatsa biyu ya ji kaurinsa. Babban fili da saman bene, inda iska ke duka, mai kauri yake sa wa. Siriri kuwa na ƙaramar taga ne. Shi ya sa sunansa a allon shago ya ishi kowa shaida.

Da idon tsoho ya mutu, ɗan ya karɓi shago. Abin da ya fara kashewa al'adar nan ce. Kafin mai gida ya iso ya liƙe roba, in an yi magana ya ce, "Haba, yallaɓai! Ba ka ga sunan Baba a allo ba ne?" Sai kunya ta rufe bakin mutum.

Daga nan ya shiga sa siriri a gurbin mai kauri. Wa zai gani, tunda firam ya haɗiye bakin? Ya manta da Wanda ba a liƙe wa ido da roba.

Ana nan aka ba shi aikin gaban wani dogon bene, ya yi halinsa. Ran nan da la'asar hadari ya taso da iska, gilashin ya lanƙwasa, ya tarwatse. Mai gadi na ƙasa ya sha yanka, Allah ya sa da sauran kwana.

Gasasshen gilashi irin wannan, wanda aka ƙarfafa da wuta, ba ya fashewa fale-fale. Rugurgujewa yake kamar tsakuwa, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da kaurin uwarta. Abin da ya ɓoye a firam ɗaya, ga shi warwatse a titi, kowa na tsinta. Masu gidaje suka koma suna ɓare robar tagoginsu, abin da suka gani bai yi daɗi ba.

Mai benen bai yi faɗa ba. Ƙwaya ɗaya ya ɗauka, ya je ya sa a tafin tsohon. Tsoho ya murza ta da yatsa biyu, ɗan yana tsugune a gabansa.

Tsohon ya ce, "A sauke mini sunana daga allon nan."

Aka sauke. Daga ranar ba wanda ya sake ba ɗan ko tagar banɗaki, shago ya rufe, layinmu bai ƙara yin hasken nan ba. Ni kam tsohon ne ke ba ni tausayi.

Ya 'yan uwa, ha'inci ba ya zama inda aka ɓoye shi. Mutumin nan bai ci amanar masu gida kaɗai ba, ya cinye sunan da ubansa ya ƙare ƙuruciya yana tarawa. Kai fa, me ka rufe da roba a sana'arka?

Allah ya tsare mu da aikin da ba za mu so a kama bakinsa da yatsa ba. Allah ya kiyaye mu, amin.