Hotunan Uhola da Godswill Ya Share Daga Dabai

"Ke kaɗai aka bari a shago ranar Asabar, Leah."

"Oga Godswill, ni shara na yi, na kulle ƙofa."

Godswill ne mai kula da kwamfutocin shagon hoto na Madam Chinyere a Zuru, inda ni, Sa'adiya, nake wanke hotuna. Gwani ne, sai dai ba ya duba aikinsa sau biyu, kuma kowa ɓarawo ne a idonsa. Shi kaɗai ke da mabuɗin SSH, hanyar da yake bi ya shiga babbar kwamfutar shago daga gidansu a Dabai, ya ba ta umarni kamar yana gabanta. Allon baƙi ne, rubutu zalla. Wani ɗan suna a farkon layi ne kawai ke nuna wace kwamfuta mutum yake ciki.

Ranar Litinin aka tarar hotunan bikin Uhola, bikin al'adar garin na shekara-shekara, duk sun ɓace, ga masu su suna hanya. Madam ta kalli Leah, yarinyar da ke mana shara, sama da ƙasa, ta ce in ba su fito ba kafin azahar, ta ajiye makulli ta tafi gida. Har jakarta aka zazzage.

Ni kuwa bakina ba ya zama shiru. Don Leah ta daina kuka, na tura ciki gaba, na shaƙe murya irin ta Godswill, na maimaita ƙorafin da ya shigo da shi da safe:

"Wannan laftof tawa mayya ce. Asabar na share hotunan cikinta kaf, yau na buɗe, suna nan."

Leah ta yi dariya. Madam ba ta yi ba. Ta juya a hankali.

"Godswill, lokacin da kake sharewa, kana cikin wace kwamfuta?"

Ya buɗe laftof ɗin. Baƙin allon na nan yadda ya bar shi, kuma sunan da ke farkon layin na kwamfutar shago ne. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce:

"To ai Dabai da Zuru duk ƙaramar hukuma ɗaya ce."

Madam ta miƙa wa Leah jakarta. Hotunan dai ba su dawo ba.

Darasin shi ne, duk wanda aka ba ikon taɓa abu daga nesa, ya tsaya ya tabbatar inda hannunsa yake kafin ya danna. In kuma ɓarna ta auku, ya fara bincikar kansa kafin ya zazzage jakar wani.