Gatarin Safiyar Kirsimeti

Akwai wani mutum a ƙauyenmu na kan tudu a Sabiya, ana kiransa Dragutin. Ƙwazo kam akwai shi, amma girman kai ya yi masa katutu. Ko santsi ne ya kayar da shi, cewa zai yi dama zama ya yi niyya.

A gangaren da ke saman garken shanunsa akwai wata tsohuwar janarika, itaciyar daji mai ƙananan 'ya'ya jajaye masu tsami, kamar tsada. Mahaifinsa ne ya dasa ta a shekarar da ƙasar wurin ta taɓa zamewa, ya bar tohon saiwarta ya cika gangaren. Duk ƙarshen sanyi Dragutin yakan shafa wa gindinta farar ƙasa, ya datse busassun rassa.

Mu a nan, idan bishiya ta ƙi yin 'ya'ya, safiyar Kirsimeti ake yi mata barazana. Wani ya ɗaga gatari ya ce zai sare ta, wani ya roƙe shi ya ce za ta gyara. Sau uku ake yi, a sauke gatari, a koma gida a ci nama. Ban taɓa jin wanda ya sara da gaske ba.

Shekara biyu ke nan sanyi yana ƙone furen janarikar. Dragutin ne mai gatari, ƙanensa Milun ne mai roƙo. Sai dai a wannan shekarar ba sa ga-maciji, domin Dragutin ya kira shi mijin-ta-ce a gaban jama'a a wajen wani biki.

Da safe Dragutin ya hau gangaren cikin dusar ƙanƙara, maƙwabta na kallo. Milun yana tsaye a bayan shingensa, hannu cikin aljihu.

"Ke ragguwa, yau zan sare ki!" in ji Dragutin.

Ba wanda ya roƙe shi. Ya sake faɗa, yana satar kallon shingen. Milun ya kau da kai.

Gwaggonsu Stana, ƙanwar mahaifinsu, ta taho da sandarta tana haki. "Kada ka sara, ɗan nan, za ta haihu!"

"Gwaggo, ba aikinki ba ne. Mai bakin yana nan, ko sai ya nemo izini a ɗaki?"

Mutane suka yi dariya. Milun ya ce, "Sara mana, Yaya. Wa ya riƙe ka?"

Dragutin kuwa ya sara. Da gatarin ya shiga, dariyar ta ɗauke. Kuma don kada a ce ya yi nadama, ya bi ƙananan ma ya share, da suka sake toho ya cinna wa kututturan wuta. Ni dai ranar ban iya cin abinci ba.

Gwaggo Stana ta ce masa, "Ubanka ba don 'ya'yan ya dasa ta ba. Saiwar nan ce ke riƙe da tudun da kake kwana a ƙarƙashinsa."

"Tudu ba jariri ba ne, Gwaggo, da za a goya shi."

Shekara ta zagayo, abubuwa suka fara. Ƙofar garken ta daina rufuwa, sai Dragutin ya fere gefenta. Ruwan rijiyarsa ya koma ja. Wata siririyar tsaga ta bayyana a gangaren, wadda da farko yatsa ne ke shiga, daga baya hannu. Karensa ya ƙi kwana a wajen. Milun yana ganin duk wannan daga bayan shinge, bai ce uffan ba.

Sai aka yi ruwan kwana huɗu ba ƙaƙƙautawa. Da hantsin rana ta biyar Dragutin yana cikin garke yana zuba wa shanu ciyawa, tudun ya taho gaba ɗaya. Bango ya rufta, katakon rufin ya danne masa ƙafa, laka tana kwararowa har ta kai masa ƙirji.

Milun ne ya fara isowa. Ya yi ƙoƙarin cicciɓar katakon, amma ya ƙi motsi. Ya waiga, ya ga gatarin nan jingine a jikin itacen girki, ya ɗauko.

Dragutin ya ɗaga ido ya ga ƙanensa tsaye a kansa, gatari a sama, fuska ba annuri. Ya ce, "Kada ka sara, ɗan'uwana. Don Allah, kada ka sara."

Hawaye suka zubo wa Milun. "Ka ji yadda take da sauƙin faɗa, Yaya? Da na faɗe ta ranar nan, da ba mu nan."

Ya sauke gatarin a kan katakon, ya yi ta sara har ya rabu biyu. An jawo Dragutin da rai, amma shanunsa shida suna ƙarƙashin laka, ƙafar kuma ba ta ƙara takawa daidai ba. Yanzu su biyun ne ke dasa 'yan janarika a gangaren, kuma saiwa sai ta yi shekara goma kafin ta riƙe ƙasa.

Darasi: Girman kai na mutum biyu ne ya kayar da tudun nan, wanda ya ƙi sauke gatari da wanda ya ƙi buɗe baki. Idan kalma ɗaya daga gare ka za ta hana ɓarna, faɗe ta yau, ko da kai aka yi wa laifi. Ku tura wa wanda kuka san yana gaba da ɗan'uwansa.