Wuriyar Inna Kande

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ginin kowa na ƙasa ne, sunansa Nomau, masaƙi. Bawan Allah ne marar hayaniya. Ya daɗe yana raɓe a gidan ƙanin ubansa, saƙarsa kuwa a bakin hanya yake yi, akuya ta tsallake masa zare, jaki ya taka. Burinsa ɗaya a duniya: ya sami gida mai doguwar tsakar gida, inda zai miƙe zarensa ba mai taɓawa.

Allah Ya kawo. Wani mutum mai suna Barmo ya sa gidansa a kasuwa, tsakar gidan nan miƙaƙƙiya tun daga zaure har bangon gabas. Aka taru gaban mai unguwa da shaidu. To, ku saurara ku ji tambayoyin masaƙi.

Ya ce, "Gidan nan naka ne kai kaɗai, ko da wani magaji da bai ji ba?"

Barmo ya ce, "An raba gado, rabona ne."

"Ba a jingine yake ba?"

"Ko alama."

Aka zagaya iyaka kusurwa-kusurwa. Nomau ya sake cewa, "Akwai mai wani hakki a kansa? Ko hanya, ko rijiya?"

Barmo ya ce, "Haba Malam Nomau, gida za ka saya ko aure kake nema? Babu!"

Aka yi dariya, Barmo ya sallama, aka shafa fatiha. Nomau ya tambayi komai, sai abu ɗaya. Da rani aka yi cinikin nan. Wa ke tuna ruwa da rani?

Ya tare da matarsa Tasalla da 'ya'yansu, ya ba su ɗakin da ke jikin bangon gabas, ya kafa turakunsa, ya miƙe zare. Zuciyarsa fari ƙal.

Da bazara ta yi, hadari ya fara leƙowa, sai ga sallamar wata tsohuwa, Inna Kande, wadda gidanta ke bayan wannan bango. Ta zauna, gaisuwa ta ƙi ƙarewa. Can ta ce, "Ɗana, ban zo da rigima ba. Dubi gindin bangon can."

Ya duba. Ga wani yaɓe, ƙasarsa ba irin ta sauran bangon ba.

Ta ce, "Wuriya ce. Tun ina amarya ruwan gidana ta nan yake fita, ya ratsa tsakar gidanka, ya faɗa lungu. Ba shi da wata mafita. Barmo ya ga masu saye suna gudun gidan da ruwa ke ratsawa, shi ne ya toshe. Na yi magana, ya ce in jira sabon mai gida. In damina ta same ni haka, ɗakina ya tafi."

Da ta fita, Tasalla ta ce, "Malam, kai ka toshe? Yadda ka same ta haka za ka bar ta. Shaidu sun ji Barmo ya ce babu hakkin kowa. In kuwa zuciyarka ba za ta bari ba, mayar masa da tsiyarsa. Amma kada ka ce mini za mu sake komawa bakin hanya, mu da akuyoyi."

Jama'a, kada ku yi saurin zagin Tasalla. Maganarta da ƙamshin gaskiya, kuma irin wannan gaskiyar ta fi ƙarya wuyar turewa. Nomau ya juya ta, ya juya, ya rasa inda zai ajiye. Sai ya tafi wurin alƙali, ba ƙara ya kai ba, tambaya.

Alƙali ya ce, "An ɓoye maka aibi. Kana da damar ka mayar da gida a warware ciniki."

"Allah gafarta Malam, hakkin tsohuwar fa? Ya mutu da aka sayar?"

"Bai mutu ba. Hanyar ruwa tana bin gida, ba ta bin mai gida. Amma sai ta kawo ƙara, ta kawo shaidun da suka san wuriyar tun asali."

"In na mayar da gidan, Barmo zai buɗe?"

"Sai in shari'a ta tilasta shi."

"Damina za ta jira shari'a?"

Alƙali ya yi murmushi ya ce, "Damina ba ta san hanyar zaurena ba."

Nan Nomau ya gane. In ya mayar, ya tsira da dukiyarsa, tsohuwa ta rasa ɗaki. In ya yi shiru, ba mai kama shi, tsohuwa ta rasa ɗaki. Hanya biyu, duk ba mai zarginsa, duk ɗakin Inna Kande a ƙasa.

Kashegari ya kirawo mai unguwa da shaidun nan dai. Ya ɗauki galma da hannunsa ya fasa yaɓen, haske ya ɓullo ta gidan tsohuwa. Ya ce, "Ku shaida. Ruwan Inna Kande yana da hanya a gidan nan, a kaina, da kan 'ya'yana, da kan duk wanda zai saya bayana." Tun da ruwa zai bi ta inda zarensa ke miƙe, ya tuge turakunsa ya mayar da saƙarsa bakin hanya.

Sai gari ya ɗauka. "Kun ji masaƙi? Ya sayi gida ya ba ruwa aro!" Tasalla ta daina yi masa magana sai da dalili. Shi kuwa yana korar akuya yana jefa ƙoshiyar saƙa.

To, ku saurara. Ran nan cikin marka, bayan azahar, sama ta tsuge da ruwan da tsofaffin garin suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Ashe ba ruwan Inna Kande kaɗai ba ne: na gidajen tudu duk a tsakar gidanta yake taruwa. Ya ɓarko ta wuriyar nan kamar ƙorama, ya ratsa gidan Nomau yana ƙugi, ya fice. Tasalla na ɗaki rungume da 'ya'yanta, tana jin bangaye na zubewa a unguwa. Nasu ko gezau.

Da aka ɗauke, sarkin magina ya zagayo duba ɓarna. Ya shiga gidan Inna Kande, ya fito, ya tsaya gaban bangon gabas. Ya ce, "Wa ke kwana a ɗakin nan?"

Nomau ya ce, "Iyalina."

"Da wuriyar nan na toshe, ruwa zai taru a baya har ƙirji. Bangon ƙasa ba ya riƙe haka. Kuma ba wajen tsohuwa zai faɗi ba, kan ɗakin nan zai kwanta."

Tasalla ta dubi 'ya'yanta, ta dubi mijinta, ta dafe hanci ta rangaɗa guɗar da aka ji har bakin kasuwa. Inna Kande ta amsa mata ta bayan bango. Masu cewa ya ba ruwa aro, su ne kan gaba wajen kabbara.

Barmo ya zo ya durƙusa, ya kasa ɗaga ido. Nomau ya ce, "Tashi, na yafe. Amma gobe ka zo da jakinka, akwai ɗaukar dutse." Unguwa ta yi gayya, aka jere magudana da duwatsu, aka rufe ta da fala-falan duwatsu. Nomau ya mayar da turakunsa. Ruwa na wucewa ta ƙasa, zare miƙe a sama, har ya tsufa. Tun daga nan ba a sallama gida a garin sai an tuntsurar da tulu a tsakar gida, an bi ruwan an ga inda ya shiga da inda ya fita.

'Yan'uwa, yau muna da takarda, da hatimi, da lauya, kuma ku neme su, kada ku sayi gida da ka. Ku tambayi magada, ku tambayi jingina, ku taka iyaka da ƙafarku, ku tambayi maƙwabta, ba mai sayarwa kaɗai ba. Amma ku sani, wanda ya sayi gida ya saye shi da hakkokin da ke kansa, wanda aka rubuta da wanda aka shafe da yaɓe. Kai mai sayarwa, aibin da ka rufe da fenti Allah na ganinsa. Kai kuma da ka zuba siminti a kwatar maƙwabcinka kana cewa takardarka ba ta ambace ta ba, koma gida yau ka dubi bangon nan da kyau, ka ga wa ke kwana a gindinsa. Allah Ya sa mu sauke hakki kafin hakki ya sauko mana.