Ɗinkin Bahago da Asirin Waziri Barau

A zamanin da, a wata ƙasa mai nisa, Sarki ya yi shela cewa gida ɗaya za a damƙa wa kai wasiƙun jama'a, waɗanda ake ɗinkewa cikin jakar fata don kada idon kowa ya gani. Gidaje biyu ke nema: na Sambo, mutumin Waziri Barau, da na Jatau, mutumin Galadima. Waziri da Galadima kuwa ko ga maciji ba sa yi.

Wata rana da hantsi Tanimu, tsohon badukun da ke ɗinke jakunkunan, ya faɗi gaban Waziri ya yi gaisuwa.

"Allah ya ba ka nasara, gidan Sambo suna farke ɗinkina su karanta, su mayar. Ni bahago ne, ɗinkina hagu yake kwantawa. Nasu dama."

Waziri ya ce, "Kai ba a unguwar Galadima kake ba? Tashi ka ba ni wuri!"

Amma da maroƙinsa ya ce ya ji an ce gidan Jatau ne ke buɗe wasiƙu, nan take Waziri ya gaskata, har da kyautar riga. Kai jama'a, maroƙi fa!

To, Waziri na da asirin da ko iyalinsa ba su sani ba: ganinsa ya fara dushewa, kuma yana tsoron in an ji a tuɓe masa rawani. Ya rubuta wa wani mai magani a can gabas, ya ba gidan Sambo, hankali kwance.

Maganar Tanimu ta kai kunnen Sarki. Ya sa aka aika jaka biyu da Tanimu ya ɗinke, ɗaya ta hannun kowane gida, aka dawo da su ranar fadanci. Ya miƙa wa Waziri.

"Waziri, duba mana ɗinkin nan."

Waziri ya kai su dab da fuska, bai ga komai ba sai duhu-duhu. Ya shafa da yatsa: ta Jatau hagu, ta Sambo dama. Ya juya wajen Sambo.

Sambo ya ga asirinsa zai tonu, sai ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba wani ya duba. Ai Waziri ba ya gani, magani ma yake nema gabas."

Kowa ya juya ya dubi Waziri.

Sarki ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Ba inda Sambo zai san wannan sai cikin wasiƙar Waziri. Nan take aka kore shi daga garin, aka ba Jatau aikin.

Kunya ta lulluɓe Waziri, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ya kai hannu zai warware rawaninsa.

Sarki ya ce, "Bar shi. Idonka ba laifinka ba ne. Kunnenka ne ya cuce ka, shi da ke tambayar unguwar mutum kafin ya saurare shi."

Da aka tashi, Waziri ya ƙi hawa doki. Ya taka da ƙafa har unguwar Galadima, ya durƙusa a ƙofar rumfar Tanimu, ya ce, "Baba, na zo ka maimaita mini maganar nan. Yau zan ji."