Kwamfutar da Aka Auna da Risho

An ce wai a layin masu sayar da kayan kwamfuta na birnin Kano an yi wani dattijo, Alhaji Barau, wanda ya fara da gyaran rediyo yana saurayi, ya tsufa yana harhaɗa kwamfuta. Ba shi ya fi kowa kaya a shago ba, amma duk gardamar da ta ƙi ƙarewa a layin, gabansa ake kawo ta.

Wata rana cikin bazara wa da ƙanwa suka zo masa, kowa da takarda a hannu. Ƙanwar sunanta Rahanatu. Ta karanci aikin jarida, ta kama sana'ar tace bidiyo, wadda dangi suka ce ba ta mata ba ce. Shekara huɗu tana fama da wata tsohuwar laftof da take ɗora wa kan marafan kwalba don iska ta ratsa ƙarƙashinta. Bidiyon minti ashirin kan cinye mata yini kafin ya fita, wani lokacin sai ya kusa ƙarewa na'urar ta ɗauke, ta koma farko. Ba ta taɓa kai kuka wurin kowa ba, don ta san amsar da za a ba ta. Yanzu wata ƙungiyar mata masu saƙa ta ba ta aikin fim ɗin tarihinsu: hoton awa arba'in da za a tace ya koma awa ɗaya, a nuna a taronsu nan da wata guda. In ta kasa, an riga an faɗa mata wanda za a miƙa wa aikin.

Wanta Nazifi kuwa gwanin buga gem na kwamfuta ne, har gasa yake shiga. Kawunsu da ke aiki a Fatakwal ya ce zai saya musu kwamfuta ɗaya mai ƙarfi su yi tarayya, da sharaɗin su kawo masa takarda ɗaya ta jerin kayan da za a harhaɗa, wadda amininsa Alhaji Barau ya sa wa hannu.

Nazifi ya kwafo tasa daga bidiyon Turawa: katin hoto, mai sarrafa abin da ke fitowa a allo, mafi girma a kasuwa, furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, mafi ƙarfi, da akwatin gilashi mai fitilu kala-kala. Rahanatu ta rubuta ram mai yawa, wato inda na'ura ke riƙe aikin da take kai, da ma'ajiya mai faɗi, sannan ta zaɓi katin hoto mafi ƙanƙanta, ta ja masa layi biyu. Tun kafin su zauna Nazifi ya ce wa dattijon kada ya wahalar da idonsa, wadda ta saba tura kura me ta sani game da mota.

Rahanatu ta ce, "Yaya, kurar nan shekara huɗu tana kai kaya kasuwa. Kai motarka har yau a cikin waya take."

Alhaji Barau ya karanta takardun. Tun da safe mahaifiyarsu ta kira shi ta ce a bi ta babba, shi ne namiji, shi ya san inji. Kayan Nazifi ne kuma suka fi amfanar shagonsa. A takardar yarinyar ya ga sanin aiki, ya kuma ga haushi. Ya san in ya zaɓi ɗaya, zai aika kwamfuta guda cikin gidan da mutum biyu ba sa ga maciji.

Sai ya tambaye su inda za a ajiye ta, da wutar da za ta ci. Suka ce a ɗakin sama ne mai rufin kwano, wutar kuwa ta sola da inbatan gida ce, wadda firjin Innarsu ke kai, inda take sanyaya zoɓon sayarwa.

Dattijon ya shiga bayan shago ya fito da rishon lantarkin da yake dafa shayi, ya ajiye a gabansu. Ya ce, "Nazifi, abin da ka rubuta, in ya ɗauki aiki sosai, wutar da zai sha da zafin da zai fitar sun kusa na wannan. Ku kai shi ɗakin gobe bayan azahar. Ku ajiye shi a kan siminti nesa da labule, ku rufe taga yadda za ku rufe wa kwamfuta, ku jona, ku zauna. Wanda ya fi daɗewa a ciki, shi zai riƙe biro."

Washegari suka yi yadda ya ce. Nazifi ya shiga yana dariya, waya a hannu. Minti goma ya tuɓe riga. Can inbata ya fara kuka a ƙasa, Inna ta ɗaga murya tana tambayar wa ke neman kashe mata zoɓo. Da aka yi minti ashirin da biyar ya ce bari ya duba inbatan, bai dawo ba. Rahanatu ta zauna, gumi ya jiƙa mata ɗankwali, ba ta ko yi fifita ba. Zafin da ta sha a ɗakin nan ba yau ya fara ba. Tana nan har batir ya ƙare, wutar gidan ta ɗauke gaba ɗaya, ta duba agogo ta rubuta: minti hamsin.

Da suka koma shago ta shimfiɗa takardarta a kan tebur, kanta a sama, ta ce a sa hannu. Alhaji Barau ya ture takardar gefe, ya miƙa mata biro da farar takarda. Ta ce ai ta ci. Ya ce ta ci kuwa, shi ya sa biron ke hannunta, amma bai ce zai sa hannu a tsohuwar ba. Sannan ya tambaye ta awa nawa fim ɗinta zai yi kafin ya fita da ƙaramin katin da ta zaɓa. Ta yi tunani ta ce wajen tara. Ya ce da matsakaici fa, wanda ke taya furosesa aikin tacewa? Ta ce ba zai kai biyu ba. Ta ƙara da cewa ita ba ta tsoron jira, ta yi jiran da ya fi wannan.

Ya ce, "'Yata, na sani. Ke kina iya zaman awa tara a ɗakin nan, batirin gidanku ba ya iyawa, kin gani da idonki. Kin ƙi katin ne don yayanki yana so, ba don aikinki ba ya so ba. Haƙurin da kika yi ya koya miki abin da Nazifi bai sani ba, to ki yi aiki da shi, kada ki mai da shi abin ado. Matan nan fim suke jira a wurinki, ba labarin wahalar da kika sha ba."

Maganar ta sosa mata rai, ta kuma san gaskiya ce. Ta ɗan jima tana juya biron, sannan ta sunkuya ta fara rubutu. Ta sa matsakaicin katin hoto, da furosesa mai ƙarfi marar haɗamar wuta. Ta bar ram ɗinta da ma'ajiyarta yadda suke. Maimakon akwatin gilashi ta sa akwati mai raga da manyan fankoki, ta ƙara batir ɗaya saboda firjin Inna. Dattijon bai sa baki ba sai a wuri guda: ya ce akwatin da ke raba wa sauran kayan wuta a sayi nagari, don in ya lalace ba shi kaɗai yake tafiya ba.

Nazifi, wanda tun shigowarsu yake kallon ƙasa, ya tambaya a hankali ko gem ɗinsa zai tashi a kan wannan. Alhaji Barau ya kunna masa wata kwamfutar shago mai irin katin. Nazifi ya buga na ɗan lokaci, hannunsa na gudu. Da ya miƙe ya ce ba laifi, amma ko fitila ɗaya ba za a sa ba? Rahanatu ta dube shi, ta koma ƙasan takarda ta rubuta: fitila ɗaya, ta Yaya. Dattijon ya sa hannu.

Saura kwana huɗu taro ta miƙa fim ɗin. Ranar da aka nuna shi, tsofaffin masaƙa suka riƙa nuna juna a allo suna dariya, wata ta ce a mayar da wurin da ta fito, aka mayar mata sau biyu. Rahanatu na tsaye a bayan zauren, ba ta nemi kowa ya yaba mata ba, ranta kuwa fari ƙal.

Daga nan masu hankali suka ɗauki darasi: kayan aiki nagari shi ne wanda ɗakinka da wutarka za su iya ɗauka, mai haƙuri nagari kuma shi ne wanda ya san ranar da haƙurinsa ya gama aikinsa.