Abin Wuyan Digby

Merv Hanrahan mutumin kirki ne, sai dai yana da hali guda: in dai maganar dabba ce, ba a gaya masa. Shekara arba'in ya yi yana askin tumaki a yankin Longreach, kuma a ganinsa wannan kaɗai ya isa kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. Da tsufa ya zo, shi da matarsa Noelene suka koma Yeppoon, bakin teku, inda zafi da danshi ba sa barin ko tawul ya bushe. A nan Noelene ta samo kare buldog, gajere mai murtukakkiyar fuska, fatar wuyansa ninki bisa ninki. Ta sa masa suna Digby, ta ɗinka masa faffaɗan abin wuya da hannunta, ta ɗaura masa. Shekara ba ta zagayo ba ta rasu.

Tun daga ranar Merv bai taɓa kwance abin wuyan nan ba. Hannunta ne ya ɗaura, shi kuwa zuciyarsa ba ta iya kwancewa. Kullum da safe sai su je bakin ruwa, Digby ya yi ta facal-facal, su dawo gida su raba karin kumallo biyu. Kare ya yi ƙiba, abin wuya ya matse, ƙarƙashinsa kuwa kullum a jiƙe.

Da damina ta kankama, Digby ya fara susa, yana goga wuya a ƙafar kujera. Ran Lahadi 'yarsu Kerryn ta zo duba mahaifinta. Tana shiga ta toshe hanci.

"Baba, karen nan fa wari yake! Mama kullum sai ta buɗe ninkin wuyansa ta goge ta busar."

"Kare ne ko jariri? Karnuka nawa na riƙe a daji? Ko ɗaya ban taɓa goge wa wuya ba."

"Waɗancan ai fatarsu a miƙe take. Wannan kuwa har ya fi ka tamoji. Don Allah cire masa abin nan mu kai shi likita."

"In je yarinyar da aka haifa jiya ta koya mini dabba? Kada ki taɓa abin wuyan nan, Kerryn."

Ta ga idonsa ya kawo ruwa, sai ta ƙyale shi. Shi kuwa ya barbaɗa wa karen hoda ta sama, ya ce an gama.

Bayan kwana tara, Digby ya ƙi tashi zuwa bakin ruwa, ya ƙi ko kallon abinci. Merv ya durƙusa kusa da shi. Warin da ya buge shi kuwa ya san shi sarai: warin tunkiyar da ƙuda ya yi wa ƙwai a miki. Ya sa yatsa ya ɗaga gefen abin wuyan. Naman ya yi jawur, ga mugunya, ga tsutsotsi suna motsi.

A asibitin dabbobi likitar ba ta yi masa faɗa ba. Ta nuna masa yadda ƙarfen maɗaurin ya nutse cikin kumburi, ta ce ba ya kwantuwa, sai an yanka, kuma yanzu-yanzu, don cutar ta fara shiga jini.

Merv ya daɗe yana kallon ɗinkin Noelene. Sannan ya miƙa wa likitar hannu. "Ba ni almakashin, 'yata. Wannan aikina ne."

Ya sa hannun da ya aske dubban tumaki ya kama almakashin. Ya yanka.

Digby ya yi kwana biyar a asibiti, da ƙyar ya sha. Wani faffaɗan tabo ya zagaye wuyansa, gashi bai sake fitowa a wurin ba. Ranar da aka sallame shi, Kerryn ta iske mahaifinta a durƙushe da tsumma, yana bin ninkin wuyan ɗaya bayan ɗaya. Bai ɗago ba ya ce, "Na rungumi abin da uwarki ta ɗinka, na yar da abin da take yi masa."

Darasin da ke nan a fili yake. Daɗewa cikin sana'a ba ya hana mutum jin shawara, don wanda ya san tumaki ba lalle ne ya san kowace dabba ba. Ƙaunar wanda ya rasu kuma ba ta tsaya ga adana kayansa ba. A ci gaba da kula da abin da ya bari mai rai. In ka ga dabbarka tana susa ko tana wari, ka buɗe ka duba tun yau.